Makarantar Gindin Bedi

Shekara tara ke nan ina gabatar da shirin Kirista na yammacin Lahadi a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Maraɗi. Rabin sa'a waƙoƙi da wa'azi, rabin sa'a mu buɗe layi. Yawancin masu kira gaisuwa ke kawo su: a gaida zumuntar mata, a gaida mara lafiya da ke kwance a Galmi. Wata Lahadi cikin damina sai wani yaro ya kira da wayar uwarsa. Ya ce shekarunsa sha ɗaya. Abokinsa a lakwal ya gaya masa wai Kirista alloli uku suke bauta wa, wai kuma sun ce Allah ya yi aure ya haihu. "Kawu, gaskiya ne?"

Na tambaye shi abin da ake koya musu a makarantar Lahadi. Ya karanto mini Yohanna 3:16 da Faransanci, tsaf, ko tuntuɓe babu. Na ce madalla, to faɗa mini da Hausa abin da ka ce. Shiru. Ina jin numfashinsa, dubban mutane ma suna ji, har layin ya yanke.

Ban ga laifin yaron ba. Ban ga na abokinsa ba, don abin da ya ji ya tambaya, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa. Laifin namu ne, fastoci da dattawan ikkilisiya da iyaye maza, har da ni mai riƙe da makirfo.

Ku zo mu leƙa majami'unmu da ƙarfe tara na safe. Ana gama waƙar buɗewa sai a ce yara su fita. Su fita ina? Gindin bedi, kan tabarmar da ta ga jiya ta ga yau. Ɗan shekara uku da ɗan shekara sha uku wuri guda. Malamarsu budurwa ce 'yar shekara sha shida, wadda aka ɗora wa aikin don ba ta da muryar shiga ƙungiyar mawaƙa. Ba littafi a hannunta, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya koya mata. Ta ba su labarin Dawuda da Goliyat karo na ashirin, su yi tafi, a raba biskit. A ciki kuwa ga fanka, ga sifiku huɗu, ga janareto yana ruri, ga sanarwar tara kuɗin tayil. Na zauna a tarurrukan kasafi da dama. An yi gardama kan labule, an yi kan kalar fenti. Ban taɓa jin an ɗaga murya saboda littafin yara ba.

Mu dubi maƙwabtanmu, mu ji kunya. Musulmin unguwarmu, ko garin tuwo babu a gidansa, ɗansa zai ɗauki allo safe da yamma. Kafin yaro ya kai shekara goma ya san abin da addininsa ya ce game da Allah, ya iya alwala da salla. Namu yaron yana samun minti arba'in a mako, rabinsu a kan "ku yi shiru". Su biyun za su zauna benci ɗaya ranar Litinin. A ƙasar da Kirista ba su fi cikin cokali ba, wa ya fi buƙatar sanin abin da ya gaskata?

Sai batun harshe, wanda shi ya fi ci mini rai. Wasu ikkilisiyoyin birni sun ɗauka Faransanci ne alamar wayewa, har a gindin bedi. Yaron da ke mafarki da Hausa, yake kuka da Hausa, a ce sunan Allah sai da harshen jarrabawa zai kama shi. Masu bishara na SIM sun iso Damagaram a 1924, kuma da Hausa suka yi aikinsu. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Kakannina a ƙauye da shi suka koyi karatu. Kakata ba ta san "bonjur" ba, amma ka tambaye ta dalilin mutuwar Almasihu, sai ka gaji da saurare. A 2025 hukuma da kanta ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Mu ne za mu zama na ƙarshe da za su riƙe wa Faransa jaka?

Tambayar yaron nan fa tana da amsa, kuma amsar ba ta fi ƙarfin ɗan shekara sha ɗaya ba. A ce masa: Allah ɗaya ne, babu na biyu, duk Kiristan da ya ce uku ya ɓata. Wannan Allah ɗaya ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kalmar "Ɗa" kuma ba ta nufin aure ko haihuwa irin tamu, Allah ya fi ƙarfin wannan. Bahaushe na cewa ɗan gari, ɗan hanya, ba wanda ya taɓa neman matar gari. Misalin bai cika ba, na sani, masu tauhidi kada su yi mini ca. Amma yana buɗe ƙofa, daga nan a kai yaro ga cewa Yesu Kalmar Allah ne tun fil'azal, wanda ya zama mutum. Wannan gardamar ce ta tara shugabannin ikkilisiya a Nikiya a shekara ta 325. Su sun yi tafiyar makonni saboda ita, mu mun kasa ba ta Lahadi biyu.

Na sababbin masu bi ya fi muni, don su da ransu suke biya. A yi gangamin bishara na kwana uku, a ƙirga hannuwan da aka ɗaga, a ɗauki hoto a aika wa masu ba da taimako, bayan 'yan makonni a yi baftisma. Mutum ya koma ƙauyensu. 'Yan'uwa su janye, wataƙila surukai su ɗauke matarsa, a daina cin tuwo da shi. Ya tsaya a tsakiyar wannan wuta da waƙa biyu da aya ɗaya. In ya koma inda ya fito sai mu ce dama bai tuba da gaske ba. Mu da muka tura shi kogi ba gora!

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa. Wai Filibus ya yi wa baban nan na Habasha baftisma nan take a bakin hanya. A koma Ayyukan Manzanni sura 8 a karanta da kyau. Mutumin daga sujada a Urushalima yake, littafin Ishaya na buɗe a hannunsa, kuma sai da Filibus ya hau karusa ya zauna ya yi masa bayani kafin a kai ga ruwa. Wai kuma Ruhu Mai Tsarki zai koya musu. Haka ne, amma ban ga faston da ya ƙi zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki ya ce Ruhu ya isar masa ba. Ikkilisiyar ƙarnonin farko, wadda ake tsananta wa kamar ba gobe, takan riƙe mai neman baftisma har shekara uku yana koyo. 'Yan'uwanmu Katolika har yau suna da katikis, mutum ne da aka horar don wannan aiki kawai, kuma ba sa gaggawa. Mu da muke taƙama da Littafi fa? Martin Luther ya zaga ƙauyukan Jamus ya tarar mutane ba su iya ko Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma ba, har wasu fastocin. A 1529 ya rubuta ƙaramin littafin tambaya da amsa, ya miƙa shi ga masu gida, su koya wa iyalinsu. Masu gida, ba 'yar shekara sha shida ba.

Bayan kiran nan na je gaban dattawanmu da roƙo uku: a raba yara aji biyu, dattijo ɗaya ya riƙa fita gindin bedi kowace Lahadi bi da bi, a kuma ba da jika ashirin da biyar a buga 'yan takardun tambaya da amsa da Hausa. An yaba mini ƙwarai. Aka ce a bari a gama tayil.

Na yanke minti goma daga lokacin gaishe-gaishe, na mai da su tambaya ɗaya, amsa ɗaya, kowane mako. Masu gaisuwa sun yi fushi, wata uwa a zumuntar mata har ta daina amsa sallamata. Lahadin farko da tambayar yaron na fara, na kira shi da "mai wayar mama", na roƙe shi ya sake bugowa. Wata bakwai ke nan, duk layin da ya shigo sai na kasa kunne ko muryarsa ce.