Waƙa a Bakin Mai Ita

'Yan uwa marubuta, tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma har yau wasu waƙoƙin sujada fassara ce aka ɗora kan karin Turawa. Murya takan tashi inda ya kamata ta sauka, tsohuwa na rerawa, ma'ana na wuce ta.

Ku leƙa coci a Jos ranar da Zumuntar Mata ke waƙa da tulu da ganga: ɗaya ta bayar, jama'a su amsa, ba mai neman littafi.

A ganina coci na buƙatar masu ƙirƙira, ba mafassara kaɗai ba. Mu ma darasi ne: karanta wa kakarka rubutunka. In ta ce "me?", koma ka gyara.