Kalma Ɗaya Ta Karya Hannu A Challawa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a makarantarmu ta kwana babu darasin da muke rainawa kamar nahawun Hausa. Da malamin ya shigo, sai ka ga wasu sun kifa kai a kan tebur, wai ai a nono muka sha Hausa. Ni ma da haka nake faɗa, har sai da na je hutu wurin kawuna.

Kawu yana aiki a wata masana'antar jima a Challawa. Akwai wani saurayi ɗan jihar Binuwai a sashensu, wanda bai cika shekara da zuwa Kano ba, yana ta ƙoƙarin koyon Hausa a bakin abokan aiki. Ran nan aka ɗauke wuta, babbar gangar da ke juya fatu ta tsaya. Saurayin ya so ya ciro wata fata da ta maƙale, sai ya tambayi abokin aikinsa, "Ka kashe makunni?" Shi kuwa yana cin abinci, ya amsa, "Na kashe," yana nufin zai kashe in ya gama. Saurayi ya ji kamar an riga an kashe, ya zura hannu. Sai ga wuta ta dawo. Allah ya taƙaita, hannun karyewa kawai ya yi.

Da na raka Kawu dubiya, saurayin ya ce mini, "Ƙanena, kai ɗan makaranta ne. Yaya Hausa take da magana ɗaya ta jiya da ta gobe?" Wallahi na rasa amsa, kunya ta kama ni. Sai da na koma makaranta malaminmu ya warware mini.

Ga yadda abin yake. A shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya muna cewa na kashe, ka kashe, ya kashe, ta kashe, kuma muryar tana tsayawa a sama. A lokaci mai zuwa na biyu ma na, ka, ya, ta muke rubutawa, amma muryar takan tashi ta faɗo, kamar a "to, na zo gobe." A jam'i bambancin a fili yake: mun zo da ma zo, sun zo da sa zo. A na, ka, ya, ta kuwa karin sauti kaɗai ya raba su, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi. Kunnen Bahaushe ya saba, na baƙo bai saba ba.

Ba nan abin ya tsaya ba. Muna da shuɗaɗɗen lokaci na biyu: muka, kuka, suka, aka, kika. Muna cewa "sun zo," amma "su ne suka zo," da "yaushe suka zo?" Da shi muke jera labari: suka tashi, suka kama hanya, suka isa. In an zo korewa kuma duk biyun su haɗe, a ce "ba su zo ba." Mu nawa ne a ajinmu za su iya yi wa baƙo wannan bayani?

Wani zai ce ai baƙi sun daɗe suna koyon Hausa a kasuwa da tasha ba tare da nahawu ba. Gaskiya ne. Amma Hausar ciniki daban, Hausar da za a tsaya da ita kusa da inji daban. A kasuwa kuskure dariya yake jawowa, a masana'anta kuwa yana iya jawo jini. Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna tara Yarbawa da Ibo da Tibi da mutanen Nijar, kuma ko da yake masaƙu da dama sun rufe saboda matsalar lantarki da shigowar atamfar waje, har yanzu Hausa ce ke haɗa waɗanda suka rage.

Mu dubi mutanen Wels a ƙasar Birtaniya. A ƙidayar 2021 masu jin harshensu kimanin 538,300 ne kacal, ba su kai rabin mutanen birnin Kano ba. Duk da haka suna da tashar talabijin ta harshensu, S4C, tun 1982, da azuzuwan manya inda ake zaunar da mai koyo a nuna masa cewa kalmar "wedi" ita ke nuna aiki ya kammala, "roedd" kuwa halin da ake ciki a da. Mu da muke da miliyoyi, ga littafin nahawu na M.K.M. Galadanci tun 1976, ga masana a Jami'ar Bayero, me ya hana mu?

Shawarata uku ce. Na ɗaya, mu ɗalibai mu daina barci a darasin nahawu. Na biyu, Ƙungiyar Hausa ta makarantarmu ta shirya ɗan ajin yamma lokacin hutu don ma'aikata baƙi, a fara da lokutan aikatau. Na uku, iyayenmu da ke aiki a masana'antu su riƙa fayyace magana kusa da inji, su ce "na riga na kashe" ko "ban kashe ba tukuna."

Saurayin nan ya warke, ya koma aiki, kuma na yi masa alkawarin darasi a hutu mai zuwa. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Allah ya kiyaye mu da iyayenmu a wuraren nemansu, amin.