Ina 'yan sandan suke?

Duk lokacin da aka ƙwace wayar ɗalibi, sai a ce 'yan sanda sun yi kaɗan. Gaskiya ne, kusan 370,000 ga mutum fiye da miliyan 200. Amma a 2018, Mike Okiro, shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda a lokacin, ya ce sama da 150,000 gadin manya suke yi. To ka ji!

Ni ɗan Gumbin Kure ne. Manomin garinmu in ya sayar da albasarsa a Aliero, ya kamo hanyar gida bayan magariba da kuɗi a aljihu, Allah kaɗai ke gadinsa. Kafin a ɗauki sababbi, a fara dawo mana da masu riƙe wa madam jaka.