Yaƙi da Jahilcin Ido: Me Ya Hana Mu Koya wa Ɗalibai Karatun Kyamara?

A makarantun sakandaren Ingila akwai wani darasi da ake kira nazarin kafafen watsa labarai. Ɗalibi ɗan shekara goma sha huɗu zuwa sha shida yakan zauna a aji, a kunna masa ɗan yankin fim ko na shirin talabijin, sa'an nan a ce ya rubuta abin da kyamara ta aikata: ina aka girke ta, me ta jawo kusa, me ta bari a waje, kuma wane tunani take neman dasawa a zuciyar mai kallo. Tun bayan gyaran manhajar da aka yi a 2017, kashi 70 na makin darasin daga rubutacciyar jarrabawa yake fitowa, kashi 30 kuma daga aikin da ɗalibi ya shirya da hannunsa. Ko a can darasin bai tsira daga ba'a ba, domin akwai 'yan jarida da 'yan siyasa da suka daɗe suna yi masa kallon darasin ragwaye. Ina ganin masu ba'ar nan sun yi kuskure, kuma 'ya'yanmu sun fi 'ya'yan Ingila bukatar irin wannan darasi.

'Yan'uwana malamai, mu da ke firamare shekara shida muke kwashewa muna koya wa yaro haɗa baƙi da wasali. Abokan aikinmu na sakandare su ƙara wasu shida suna koya masa jigo da salo da zubi da tsari a rubutun zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Da an tashi daga makaranta, yaron nan sai ya koma ga wani malami wanda ba ya gajiya, ba ya yajin aiki, ba ya jiran albashi, wato allon waya da na talabijin. Harshen wannan malami hoto mai motsi ne, kuma a tsawon shekaru goma sha biyun nan ba mu ware ko sa'a ɗaya mun koya wa yaron nahawun harshen ba. Mun yaye shi da iya karanta takarda, mun bar idonsa cikin duhun jahilci.

Wani zai ce ai kallo ba ya bukatar koyo, duk mai ido yana gani. To, mu duba. Idan mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya ɗaga kyamara sama zuwa fuskar mutum, ya mayar da mai kallo tamkar wanda ya faɗi gaisuwa a gaban basarake, mutumin ya cika ido da kwarjini ko da bai furta kome ba. Idan ya hau bisa ya sunkuyo da ita, wannan mutumin dai sai ya ƙanƙance, ya zama abin tausayi ko abin raini. Idan aka matso da ita har fuska ta cika allo, an tilasta maka ka ji abin da mai fuskar yake ji. Idan aka janye nesa, sai ya zama ɗigo a cikin fili, baƙin cikinsa bai dame ka ba. Kyamarar da aka riƙe a hannu tana rawa takan sa gaba ya faɗi, wadda aka kafa daram kuma takan kwantar da rai. A taron siyasa, matse hoto a kan layin gaba yana iya mayar da 'yan tsiraru su zama kamar gari ya tashi, janye kyamara kuma yana iya tona asirin filin da babu kowa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi ne da wani mutum ya yi, da manufa a ransa.

Masu sana'ar sun daɗe da sanin haka. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyet ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna kome ba, ya haɗa ta sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da akwatin gawa, sau ɗaya da hoton mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuska ɗaya ce. A 1935 Leni Riefenstahl ta fitar da fim ɗinta na gangamin jam'iyyar Nazi da aka yi a birnin Nuremberg na Jamus a 1934, inda ta riƙa ɗaukar Hitler daga ƙasa, sararin sama a bayansa, dubban mutane a jere a ƙarƙashinsa. Kyamara ce ta yi masa rabin farfagandar. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, kuma karin maganar ya yi daidai a zamanin da ido ke ganin abu kai tsaye. Yau akwai hannun wani tsakanin idonka da abin da kake gani.

Mu ma muna da namu tarihin da kyamara. Kakanninmu sun san majigi, motar da ke zagaya garuruwa tana haska fim a fili da daddare. A 1939 gwamnatin Birtaniya ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta damƙa shi ga William Sellers, tsohon jami'in lafiya a Najeriya. Ra'ayin Sellers shi ne cewa baƙar fata ba zai iya fahimtar dabarun kyamara ba, saboda haka a riƙa yi masa fim a hankali, ba kwana-kwana, kamar ana lallaɓa jariri. 'Ya'yanmu sun ƙaryata shi da aiki. Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim a 1976. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, daga nan masana'antar da ake kira Kannywood ta bunƙasa. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa suka shiga kusan kowane gida mai talabijin ko waya. Abin takaici shi ne makarantunmu har yanzu a kan hukuncin Sellers suke tafiya: mu kalla kawai, nazari ba namu ba ne.

Me muka yi a madadin koyarwa? Mun hana, mun tace, mun yi kuka. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa bayan da malamai da jama'a suka yi tir da shi. Ba na musun cewa al'umma na da haƙƙin kare tarbiyyarta. Sai dai hukumar da ke Kano ba ta da iko a kan fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa yana yawo daga waya zuwa waya, ba ta da iko a kan TikTok da YouTube, ba ta kuma shiga ɗakin yarinya da tsakar dare. Mai tace fim ɗaya ne kawai yake bin yaro duk inda ya shiga, shi ne hankalinsa. Wannan mai tacewa a aji ake horar da shi, kuma mu ne masu horon.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga nishaɗi. A 2018 BBC ta wallafa bincike kan yadda hotuna da bidiyo da aka yaɗa a Facebook suka rura wutar rikici a Jihar Filato, har aka rasa rayuka. Ɗaya daga cikin bidiyoyin ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kwango Barazabil ya fito, shekaru kafin rikicin. Matashin da aka saba masa da tambayar wa ya ɗauki hoton nan, daga ina ya tsaya, me ya yanke, me ya ɓoye a gefen allo, ba zai yi saurin ɗaukar makami saboda bidiyon daƙiƙa talatin ba. Addini ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. A zamanin nan akasarin labari da hoto yake zuwa, don haka binciken hoto ya shiga cikin umarnin.

Na san uzurin da za a kawo, domin a ɗakin malamai muke zaune tare. Na farko, cewa kawo fim aji zai buɗe ƙofar lalacewa. Ƙofar nan a buɗe take tuntuni, yaran suna kallo ko mun so ko mun ƙi. Zaɓin da ya rage mana shi ne su kalla su kaɗai a ɓoye, ko su kalli abin da malami ya zaɓa, a gabansa, alƙalami a hannu. Na biyu, cewa manhaja ta cika. Ba sabon darasi nake nema ba. Malamin Hausa da ke koyar da kamantawa da siffantawa a waƙa, da salon jan hankali a ƙagaggen labari, yana iya ware makonni uku a zango ya nuna cewa matsowar kyamara ma salo ce. Fim ɗan'uwan wasan kwaikwayo ne, wasan kwaikwayo kuwa yana cikin manhajar adabi. Na uku, cewa babu kayan aiki. Gaskiya ne akwai azuzuwan da rufinsu ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, malami na bin bashin albashi, kuma ƙungiyarmu ba za ta daina faɗa a kan waɗannan ba. Amma aikin da nake magana a kai waya ɗaya ya ishe shi, da takarda da fensir.

Ga yadda zai kasance. Malami ya zaɓi fitowa ɗaya mai tsafta daga wani shirin Hausa, ko rahoto ɗaya na labaran talabijin, wanda bai wuce minti biyu ba. Ɗalibai su kalla rukuni-rukuni sau uku, na ukun ba sauti. Kowa ya ƙirga sau nawa hoto ya sauya, ya zana shida daga ciki a takarda, ya rubuta ƙarƙashin kowanne inda kyamara take da abin da ta sa shi ji. Sa'an nan kowane rukuni ya ɗauki abu guda, misali mai sayar da ƙosai a bakin makaranta bayan an nemi izininta, sau biyu: sau ɗaya don ta fito da martaba, sau ɗaya don ta fito abin tausayi. Ranar da yaro ya ga cewa shi da kansa, da waya ɗaya, ya iya ɗaukaka mutum ko ƙasƙanta shi ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba, ranar ya daina zama ganimar masu farfaganda. Aikin kuma yana koyar da rubutu mai hujja, domin ba a karɓar "ya yi kyau" a matsayin amsa, sai ɗalibi ya nuna wane hoto, a wane wuri, ya haifar da wane tasiri.

Uzuri na huɗu shi ne mai nauyi, wato cewa mu malaman ba a koya mana ba. Nan ne ƙungiya take da aiki. Mun sha ganin an zauna a ofis an ƙirƙiro sabon abu an ɗora mana, ba horo, ba littafi, ba alawus, idan ya rushe a ce malamai ne ba su iya ba. Kada mu yarda a maimaita. Ina kira ga reshenmu ya gabatar da ƙuduri a taronsa na gaba, ya miƙa shi ga uwar ƙungiya, a nemi hukumar NERDC mai tsara manhaja ta sanya nazarin hoto mai motsi cikin darussan harshe da adabi. A nemi kwalejojin ilimi su saka shi a horon masu neman NCE. A nemi ma'aikatar ilimi ta ɗauki nauyin bita ga malaman da ke bakin aiki, ta gayyato masana daga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos da sassan sadarwa na jami'o'inmu, har da masu ɗaukar hoto na Kannywood waɗanda suka san aikin a hannu.

Ku kuma iyaye, ba sai kun jira hukuma ba. Idan kuna kallo tare da 'ya'yanku, ku tsayar da hoton lokaci-lokaci ku tambaye su dalilin da ya sa aka nuno mugun daga ƙasa, ko aka cika allo da hawayen amarya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarun 1950 magabatanmu sun tashi haiƙan da yaƙi da jahilci domin kada a yi wa talaka sakiyar da ba ruwa da takardar da bai iya karantawa ba. Takardar yau allo ce mai haske, tana aljihun kowane yaro, kuma hakkin koyar da karatunta yana wuyanmu.