Wasiƙa Ta Iso, Mai Ita Bai Sani Ba

Bara, bayan Babbar Salla da 'yan kwanaki, na dawo daga islamiyya na iske yayana zaune a zauren gidanmu a Mabera, ya yi tagumi, waya a hannu. Na gaishe shi, ya amsa da ka. Sai bayan magariba na ji abin da ya faru. Ashe wata ƙungiya da ke taimakon ɗalibai da kuɗin karatu, wadda ya cika takardarta tun da azumi, ta aiko masa da saƙon imel ya zo a gana da shi ranar kaza. Shi kuwa bai ga saƙon ba sai da ranar ta wuce da kwana 11. Ba wanda ya ɓoye masa, ba kuwa wanda ya yi masa hassada. Saƙon yana nan cikin akwatinsa, wasu saƙonni fiye da 4,000 na tallace-tallace da sanarwar dandalin zumunta sun danne shi. Ya ce ya sha dubawa, yana jan allo da yatsa har ya gaji. Rashin sani, in ji Hausawa, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu girma, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina ya kamata kowane ɗalibi, kafin ya bar aji shida, a zaunar da shi a koya masa yadda zai nemo saƙo a cikin akwatinsa na imel, kamar yadda ake koya mana neman kalma a ƙamus. Darasi ɗaya ya isa, in an matsa biyu.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne da bai kai a ɓata masa takarda ba. To, mu duba inda makomarmu ta koma. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta tun 2015, kuma ɗalibi ba ya shiga shafinsa na hukumar sai da adireshin imel da kalmar sirri. Haka abin yake in ana neman tallafin karatu, ko aikin gwamnati, ko shiga soja. A zamanin iyayenmu mutum yakan je gidan waya ya buɗe akwati da ɗan makulli, ko kuwa masinjan makaranta ya kawo wasiƙu a kira suna a gaban taro. Wasiƙa ɗaya ko biyu ce a wata, ba ta ɓacewa mutum. Yanzu akwatin yana cikin aljihu, amma kowane ɗan talla a duniya yana da ikon jefa takardarsa ciki.

Mu Sakkwatawa bai kamata sha'anin wasiƙa ya zama baƙonmu ba. Gidan Waziri shi ne ke riƙe da wasiƙun daula tun zamanin Waziri Giɗaɗo. Sa'ad da Turawa suka shigo Sakkwato a 1903 sun sami tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna irin na Kano da Zazzau da Adamawa suka aiko, har wani Bature mai suna Backwell ya fitar da fassararsu a littafi a 1927. Wanda ya taɓa ziyartar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya san yadda irin waɗannan wasiƙu suke: bayan ambaton Allah, sai a ce daga wane zuwa ga wane, kana a shiga magana. Da wannan ake gane kowace wasiƙa. Da yawansu ba su da kwanan wata, sai masana tarihi sun sha wahala kafin su san shekarar da aka rubuta su. Mu kuwa namu saƙonnin kowane yana ɗauke da sunan mai aikowa, da kanun magana, da rana, har da minti. Abin kunya ne a ce da wannan gata duka wasiƙa ta ɓace mana.

Ga yadda abin yake. Zan yi misali da Gmail, wanda kamfanin Google ya fito da shi a 2004, domin shi mafi yawanmu ke amfani da shi. A saman akwatin akwai wani gurbi na nema. Galibinmu mukan rubuta kalma ɗaya a ciki, sai ya zubo mana saƙo ɗari, mu ce bai yi aiki ba. Alhali kuwa akwai 'yan kalmomi na umurni da yake ganewa. In ka rubuta from: watau “daga”, ka bi shi da adireshi ko suna, saƙonnin wannan mai aikowa kaɗai zai kawo. Alal misali from:jamb.gov.ng zai tsamo abin da ya fito daga adireshin hukumar, from:udusok.edu.ng kuma na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A lura, ba a barin fili bayan ruwa biyun nan. Haka to: yake ga saƙon da kai ka aika wa wani, subject: kuma ga kalmar da ke cikin kanun saƙo.

Wanda ya fi burge ni shi ne na takardu. Sau nawa mutum yake neman rasit ko takardar shaidar rajista da aka maƙala masa a saƙo, ya rasa? Rubuta has:attachment sai saƙonni masu ɗauke da takarda ko hoto su rage. In ka ƙara filename:pdf sai su ƙara raguwa. In ka tuna lokacin, sai ka sa after:2024/06/01 before:2024/08/01, watau shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana. Ana iya jera su duka a layi ɗaya, kowane yana ƙara tace abin da na gabansa ya bari, kamar yadda mata ke tankaɗe gari su sake tankaɗewa. Da yayana ya rubuta sunan ƙungiyar nan bayan from: sau ɗaya a mako, da bai fi daƙiƙa biyar ya ga kiransa ba.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Nema na yau da kullum ba ya leƙa kwandon shara, ba ya kuma leƙa inda ake jefa saƙonnin da na'ura ta zarga da zama na banza. Wani lokaci saƙon kirki yakan faɗa can bisa kuskure, kuma abin da ya kwana 30 a wurin share shi ake yi. Maganin wannan shi ne a ƙara in:anywhere a cikin nema, sai a caje ko'ina. Duk mai jiran amsa daga wata makaranta ko ma'aikata, wannan kalma ta fi masa kuɗin kati amfani.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Karan ɗori a gaban kalma yana fitar da ita daga nema. Alamar zance tana sa a nemo jimla daidai yadda ka rubuta ta. Shi kuwa larger:10M yana nuna manyan saƙonni da ke cinye wuri, kuma yana da amfani, domin gigabait 15 ne kyauta ga imel da hotuna da ajiya gaba ɗaya. In ya cika, sabon saƙo ba ya shigowa, mai akwati kuwa yana can yana jira.

Daga nema sai rariya. In ka sami umurnin da ya yi maka daidai, kana iya mai da shi doka ta dindindin, ka ce duk saƙon da ya zo daga adireshi kaza a sa masa tauraro, kada kuma a taɓa jefa shi cikin na banza. Na 'yan talla kuwa a wuce da su gefe. Sai dai a kwamfuta ake haɗa wannan, manhajar waya ba ta da wurinsa. To, ina ɗalibi ɗan talaka zai sami kwamfuta in ba a makaranta ba? Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa darasin ya shiga aji.

Na san abin da za a ce. Wasu malamai za su ce manhajar karatu ta cika, ga jarrabawa a gaba. Gaskiya ne. Amma mun shafe makonni muna haddace sunayen sassan kwamfuta da tarihin ƙirarta, muna zana linzaminta a littafi, alhali da yawanmu ba mu taɓa buɗe akwatin imel da hannunmu ba. Wasu kuma za su ce ai WhatsApp ya wadatar. Ya wadatar ga hira da sanarwar biki. Hukuma ba ta neman lambarka a rukunin abokai, abin da ka rubuta a fom shi take bi. Akwai masu cewa kalmomin na Turanci ne. Haka ne, amma ba su kai goma sha biyar ba waɗanda muke bukata, kuma wanda ya iya haddace jadawalin sinadarai ba zai kasa su ba. Har ila yau from: da subject: suna aiki a Outlook da Yahoo, ba a Gmail kaɗai ba.

Maganar da ta fi nauyi ta iyayenmu ce, masu tsoron waya a hannun yaro. Ban ga laifinsu ba, kowa ya ga abin da waya ta yi wa karatun wasu. Amma ina roƙonsu su dubi abin da ke faruwa in an hana yaro sanin akwatinsa. Ranar rajista sai a kai shi shagon kwamfuta, mai shago ya buɗe masa adireshi cikin gaggawa domin layi ya yi tsawo, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a matsayin ta ceto. Yaro ya tafi gida da takarda, bai san sunan akwatinsa ba balle makullinsa. Wata shida bayan haka a zo neman saƙo, mai shago ya tashi ko ya manta. A ajinmu na san mutum uku da haka ta same su. Kuma tun ƙarshen 2023 Google ya ce yana iya share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Yaron da ya san akwatinsa shi ne kuma zai iya duba adireshin mai aikowa, ya gane cewa wanda ke cewa a turo kuɗi a ƙara maki ba daga hukuma yake ba.

Saboda haka ga roƙona. Ga shugaban makaranta da malamanmu na kwamfuta: a ware mana darasi a zangon farko na aji shida, kafin a fara sayar da fom, kowa ya buɗe adireshinsa da hannunsa, ya nemo saƙo ɗaya da malam ya aiko masa a cikin tarin wasu, ya haɗa rariya ɗaya. Ga iyaye: a rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, Baba ko Inna su adana tare da takardar haihuwa, kuma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a ara wa yaro waya na minti biyar a gabansu ya duba.

Yayana ya sake cika takardar bana. Ni na haɗa masa rariyar a kwamfutar wani maƙwabcinmu, kuma kowace Juma'a nakan ji Inna tana tambayarsa ko ya duba akwati.