Matan Gidan Rumfa da Hatsin Talakawa

Tambayi kowane ɗan makaranta ayyukan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), zai jero maka Kasuwar Kurmi, da faɗaɗa ganuwa, da Gidan Rumfa, da saukar Shehu Magili. Littafin Tarihin Kano bai tsaya nan ba. Ya ce Rumfa ne ya fara kulle, shi ne sarkin farko da ya tara mata dubu, kuma ya sa a bi gidajen Indabawa ana kwaso masa 'yan mata 'yan fari. Wannan shafin malamai kan tsallake shi.

Wasu za su ce dubun nan kambamawar maroƙa ce. To, a rage. Ko ɗari ce, shari'a ta tsaya a huɗu, sauran sa-ɗaka ne, kuma kowacce akwai uwar da aka bari da kuka, ba a kai mata ko goron gaisuwa ba.

Ana yawan cewa abin da mutum ya yi bayan ya wuce zaure tsakaninsa da Allah ne. Ga mai awo a kasuwar Dawanau, haka ne, domin da guminsa yake ciyar da iyalinsa. Ga sarki kuwa ban yarda ba. Tukunyar gidansa ba daga gonarsa kaɗai take cika ba. Heidi Nast, wadda ta yi bincike a cikin gidan Sarkin Kano, ta nuna cewa sa-ɗakan nan su ne suka riƙe harkar hatsin haraji, daga karɓa zuwa adanawa da rabawa. Gero da dawar ƙauyukan da ke kewaye da birni, irin ƙasar nan tamu ta Dawakin Tofa, ta hannun matan da aka kulle suke wucewa. Manomi ya ba da 'ya, ya kuma ba da dami.

Ga kuma Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Kisoki. Lokacin da Abdullahi ya fita yaƙi, wani basarake da ake kira Dagaci ya shirya tawaye, kwarjininta ne ya hana gari yamutsewa. Mace mai irin wannan iko, a ce maganarta sirrin gida ce?

Yau ma ofishin uwargidan gwamna babu shi a tsarin mulkin 1999, amma yana da motoci da ma'aikata, kuma mai neman kwangila ya san ƙofarsa.