A Kulle Bayanan Jama'a da Makulli

Daga Iku zuwa Kasuwar IBB a Suleja, ƙananan asibitoci da makarantu da shagunan POS suna tara sunayen mutane, lambobin waya da NIN a kwamfuta guda. In ɓarawo ya ɗauke ta, lambar sirrin shiga ba za ta hana shi ba: zai zare ma'ajiyar ya karanta a wata na'ura.

Mafita ita ce a juya bayanan su zama rubutun da ba ya karantuwa sai da makulli, kamar yadda manhajar BitLocker ke yi, a kuma adana makullin daban. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsaro a wuyan mai riƙe da bayanan. Muna kira ga hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ta shigo unguwanni ta koyar da masu sana'a, domin kare bayanan jama'a amana ce.